Bazarar da Murjanina Ya Yi Fari

Na dawo gida Birnin Gwari da tankin gilashi a bayan mota, an naɗe shi da tsofaffin barguna, kifayen kuma suna cikin bokitai masu murfi a tsakanin ƙafafuna. Aikin gwajin ruwa na yi a Legas har na yi ritaya, kuma a can na kamu da son kiwon halittun teku a cikin ɗaki. Wani abokin aikina ne da zai bar gari ya ba ni ɗan ƙaramin tankinsa, da kifi biyu da wani dutse mai tsiro a jiki. Na karɓa ne don kada in watsa masa ƙasa a ido. Kafin shekara ta zagayo na riga na sayi wanda ya fi shi girma.

Mutanen garinmu sun san kiwon kifi, don akwai masu tarwada a kwarmin siminti a bayan gidajensu. Abin da ya ɗaure musu kai shi ne kifin da ba a ci, ba a sayarwa, kuma sai an haɗa masa ruwansa kamar ana haɗa magani. Maƙwabta sun yi ta zuwa kallo a makonnin farko. Wasu suka ce zaman Legas ya taɓa ni. Ban ji haushi ba, domin ni ma da wani ne ya zo da shi, abin da zan ce ke nan.

Aikin tankin ba mai nauyi ba ne, sai dai ba ya ƙarewa. Ruwan rijiyarmu ba ya yi sai an bi da shi ta abin tacewa, yana ɗiga a hankali har jarka ta cika. Gishirin miya ma ba ya yi. Akwai wanda ake haɗawa musamman don wannan, yana tasowa daga Legas zuwa Kaduna, daga nan wani direba, abokina tun muna firamare, ya ɗauko mini idan ya yi lodi. Zafi yana shanye ruwa amma yana barin gishiri, saboda haka kullum in na dawo daga sallar asuba nakan ƙara ruwan daɗi har ya kai zanen da na yi a jikin gilashi. Sai in kankare gansakuka, in duba ma'aunin zafi, in saurari injin da ke tura ruwa, wanda ba a so ya tsaya ko na rabin wuni.

Kifayen ba su ne wahalar ba. Wahalar tana wurin murjani. Wanda ya gan shi zai ce dutse ne ko ciyawa, alhali dabba ce da ke manne a wuri ɗaya, tana son haske, tana son ruwa mai motsi, ba ta jure zafi. Ina da masu taushi da ke kaɗawa kamar gero in iska ta taso, ina kuma da masu tauri, masu rassa kamar ƙahon barewa, waɗanda na fi ji da su saboda sun fi wuyar rayawa.

Da tafiya ta yi nisa sai tankin ya yi musu kaɗan. Rassa suka fara taɓa juna, kuma murjani in ya taɓa ɗan'uwansa harbinsa yake yi har wurin ya mutu. Na yanke shawarar yin babba. Na sa wani mai yankan gilashi a Kaduna ya haɗa mini tanki mai tsawon gadon kwana, magini ya gina masa mazauni na siminti a ɗakin baƙi, na kuma yi odar ƙarin faifan sola da batura, domin wutar gari ba abin dogaro ba ce, kuma babban tanki wuta yake ci. Gilashin ya iso lafiya, maza shida suka shigo da shi suna nishi. Kayan solar ne suka maƙale a Kaduna, saboda a lokacin hanyar da ta ratsa daji ta yi wuya, direbobi sai sun jira juna kafin su taso, wasu ranakun ma ba mai tasowa.

A cikin wannan hali Inna ta zo.

Inna ƙanwar mahaifiyata ce, kuma ita ta riƙe ni a ƙauyen Kusasu bayan rasuwar mahaifiyar tamu, har na isa shiga makaranta. Tare da ita na fara shiga bakin daji tsintar kaɗanya da ɗorawa. Mace ce da ba ta iya zama wuri ɗaya, in ba ta gona tana wajen awakinta, in ba ta nan tana daka. Amma a wannan shekarar zaman ƙauye ya gagara, mutane suka watse zuwa wurin 'yan'uwa. 'Ya'yanta suka nufi wasu garuruwa da iyalansu, ita kuma ta ce ba za ta yi nisa da gonarta ba. Aka kawo ta gidana a kan babur, da ƙullin kaya ɗaya da buta.

Muka sauke ta a ɗakin baƙi, don ya fi ko'ina sanyi a gidan. Tsohon tankin yana gefe ɗaya yana aiki, sabon kuma yana ɗaya gefen babu komai a ciki. Kwanakin farko Inna ba ta ko kalle su ba. Takan zauna a kan tabarma ta jingina da bango, carbi a hannu, abinci ya huce a gabanta. Maiɗakina ta yi tuwon dawa da miyar kuka irin wadda take so, ta yi fate, ta dama kunu, duk sai ta ɗan taɓa ta ture. Da muka kai ta asibiti aka ce jininta ya hau, a kiyaye mata zafi da damuwa.

Wata safiya ina ba kifaye abinci sai na ji muryarta a bayana.

“Kai ɗan nan, waɗannan yaushe za su isa ci?”

Na ce, “Ba a cin su, Inna. Kallo kawai ake yi.”

“Ka yi furfura kana kiwon abin kallo.” Ta taso ta matso kusa, ta ɗan sunkuya. “Wannan ciyawar fa, me take ci?”

“Ba ciyawa ba ce. Murjani ne.”

Ta ɗago ta dube ni. “Murjani irin na wuya?”

“Danginsa ne. Na wuya ƙashinsa ne, bayan ya mutu aka goge aka huda.”

Ta daɗe tana kallo. Can ta ce kakata tana da shi, ja, mai kauri, ba ta sa shi sai ranar biki, kuma babu wanda ya taɓa gaya musu cewa abu ne da ya yi rai. Ta tambaye ni ko kifayen ba sa kewar inda aka ɗebo su. Na ce yawancinsu a tanki aka ƙyanƙyashe su, ba su taɓa ganin teku ba.

“To sun huta,” ta ce, ta koma kan tabarmarta.

Daga ranar ta karɓi aikin ba su abinci. Na nuna mata gwargwadon abin da yatsu biyu za su ɗauka, na roƙe ta kada ta ƙara, domin ragowar abinci yana ɓata ruwa. Ta ce ba ta taɓa ganin rowa irin wannan ba, amma ta kiyaye. Akwai wasu kifaye biyu masu ruwan lemo da farin zane, miji da mata, da ke kwana a cikin murjani mai taushi. Su ta fi so. Akwai kuma wani shuɗi mai faɗi da ta ce ya cika rawar kai, da jatan lande guda wanda ke hawa jikin kifaye yana tsince musu datti. Shi wannan ta sa masa suna wanzami.

Sai bazara ta kama, irin wadda mutum zai yi wanka ya fito yana zufa. Wutar gari ta ɗauke ta daɗe ba ta dawo ba. Tsofaffin baturana suna ɗauke da injin tura ruwa, da fitilar tanki, da injin sanyaya ruwa wanda ya fi kowanne ci, ga kuma fankar Inna. Kafin la'asar sai su fara kuka, komai ya tsaya.

Maiɗakina ce ta same ni a zaure ta faɗa mini ba tare da kwana-kwana ba.

“Malam, batirin nan ba zai ɗauki kifi ya ɗauki Inna ba. Ɗazu fankarta ta tsaya, na same ta ta jiƙe sharkaf, tana cewa kanta na sarawa. Ba za ta gaya maka ba.”

Babu abin tunani a cikin maganar, na san abin da ya dace tun kafin ta rufe baki. Na shiga na cire injin sanyaya ruwa daga wuta, na rage sa'o'in fitila, na bar injin tura ruwa kaɗai da fanka. Amma ba zan ce ban ji komai ba. Na tsaya gaban gilashin ina kallon rassan nan da na raina tun suna kamar ɗan yatsa, waɗanda suka yi doguwar tafiya daga Legas a cikin bokiti ba su mutu ba, na san kuma abin da zafi zai yi musu. Ban gaya wa Inna ba.

Ma'aunin zafi ya riƙa hawa kullum da rana. Murjani mai rassa ya fara koɗewa, launin ƙasa-ƙasa da kore suka dusashe, sai fari ya fara bayyana daga gindi yana hawa sama. Inna da ke zaune gabansa tun safe ba za a ɓoye mata wannan ba.

“Me ya sa wancan yake furfura?”

“Zafi ne, Inna.”

Ta kasa kunne, sannan ta nuna ƙarƙashin tankin da haɓa. “Abin nan da ke gurnani a ƙasa, tun yaushe ya yi shiru?”

Ta dubi fankar da ke juyawa a kanta, ta dube ni, ta miƙa hannu ta kashe ta.

“Mayar masa da wutarsa. Bazara nawa na yi a Kusasu babu fanka?”

Na kunna fankar. “A lokacin ba ki da hawan jini.”

“Na bar awakina ban san hannun da suka faɗa ba. Na bar rumbuna a buɗe. Ba zan zo gidan mutane in zama sanadin mutuwar dabbarsu ba.”

“Nan ba gidan mutane ba ne, Inna. Wa ya goya ni?”

Ta kau da kai wajen bango, ta ja bakin mayafinta ta share ido. Tun zuwanta ban ga ta yi kuka ba sai ranar. Na zauna kusa da ita a kan tabarma, fanka tana juyawa. Daga baya ta fara ba ni labarin yadda suka fito, da wanda ya tafi ina, da tsohuwar akuyarta mai karyayyen ƙaho da ta bi babur ɗin har bakin rafi. Ban katse ta ba har aka kira azahar.

Fanka ta zauna a kunne, amma Inna ba ta yarda a zuba wa tankin ido ba. Ita da maiɗakina suka samo buhunan algarara, irin waɗanda ake naɗe jarkar ruwa da su, suka jiƙa suka lulluɓe bayan tankin da gefunansa. Muka rataya jiƙaƙƙiyar tabarma a taga. Na buɗe murfin tankin, muka karkata fankar yadda iskarta za ta bi ta kan Inna ta wuce ta shafi saman ruwa. Ranar da aka samu ƙanƙara a kasuwa nakan sayo, in ƙulle ta a leda in sa ta yi iyo a ciki. Jiƙa buhu ya zama aikin Inna. Tana zaune da bokiti da moɗa, da ta taɓa ta ji ya fara bushewa sai ta yayyafa. A makonnin nan ne ta fara cinye tuwonta, har wata rana ta ce miyar ba ta ji daddawa ba. Maiɗakina ta fito tsakar gida tana dariya ƙasa-ƙasa, ta ce mini Inna ta warke.

Dabarar ta rage zafin, amma ba ta kai abin da masu rassa suke bukata ba. Ɗaya bayan ɗaya suka yi fari fat, sannan gansakuka ta hau kansu, alamar babu sauran rai. Dole na ciro su don kada su ɓata ruwan. Suna da wani wari mai nauyi da ya daɗe bai bar hannuna ba. Shuɗin kifin nan ma wata safiya muka same shi kwance a kan yashi. Inna ta ce a ba ta shi, ta kai shi gindin bishiyar lemo ta binne. Masu taushin dai sun tsuke jikinsu sun ƙi buɗewa, amma ba su mutu ba. Miji da matar nan da wanzami su ma suna nan.

Na yi tunani mai yawa a kwanakin. Ni na ɗauko waɗannan halittu na kawo su inda babu teku ko a labari, na sa rayuwarsu ta rataya a kan waya da batir da hanyar Kaduna. Duk shekarun nan ina ganin ƙwarewata ce ke riƙe da su, ashe rabin abin sa'a ce da zaman lafiyar hanya. Na yi niyyar in bar abin gaba ɗaya, in sayar da babban gilashin ga masu shago. Da na faɗa a gaban Inna sai ta ce, “Waɗanda suka rage fa, su ci ƙaniyarsu?” Maganar ta tsaya a nan.

Ruwan farko ya sauka, gari ya yi sanyi, hanya ma ta ɗan lafa. Abokina direba ya iso da kayan sola a lulluɓe da tamfol, yana ba ni haƙuri kamar shi ya riƙe su. Aka hau rufi aka ɗaura. Na haɗa ruwan gishiri jarka bayan jarka har babban tankin ya cika, na zuba yashi, na jera duwatsu, na ɗebo ruwan tsohon tanki na ƙara masa. Sannan na bar shi yana juyawa makonni babu kifi ko ɗaya, domin sabon ruwa sai ya nuna kafin a sa rai a cikinsa. A wannan karon na raba layin wutar gida biyu, na ɗaki daban, na tanki daban, don kada a sake zaɓa tsakaninsu. Na kuma yi ƙaramin tanki a ƙarƙashin babban, inda ruwa ke gangarawa a tace shi ya dawo.

Ranar ƙaura muka fara da hantsi. Direba ya zo taya ni ɗaukar duwatsu, maiɗakina tana miƙo bahuna. Muka kwashe murjanin da ya rage muka sa a baho da ruwansa, sannan muka shiga kamun kifi, wanda ya fi komai cin rai, domin da sun ga raga sai su shige ƙarƙashin dutse. Inna ta zauna gadin bahunan, ta rufe kowanne da faifai don kada wani ya yi tsalle. Wanzami ya ɓace har muka fid da rai, sai ga shi manne a cikin ramin wani dutse da direba ke riƙe da shi. Direban ya kusa sakin dutsen a ƙafarsa. Kafin magariba kowa ya shiga sabon gida.

Da na kunna fitila sai na ga yadda wurin ya yi fili. Abin da ya cika tsohon tanki har yana faɗa, a nan bai rufe ko kashi ɗaya cikin uku ba. Na so in yi odar sababbin masu rassa daga Legas, sai na fasa. Na ga gara in tsaya a kan waɗanda suka nuna za su iya zama da mu. Murjani mai taushi ana iya yankar reshensa da reza, a ɗaure a jikin ɗan dutse, in Allah ya so ya kama ya zama sabo. Ni nake yanka, Inna take ɗaurewa da zare, don ta fi ni iya ƙulli, abin kuma yana da santsi. Ta ɗaura guda biyar, ta zaɓa musu wuri da kanta, tana nuna mini da yatsa ta bayan gilashi, ni kuma hannuna a cikin ruwa har kafaɗa ina matsarwa. Biyu suka sulluɓe ruwa ya tafi da su. Uku suka kama.

Damina ba ta yi nisa ba labari ya zo cewa an fara komawa Kusasu, wasu har sun yi shuka. Tun daga ranar Inna ta fara ninke kayanta. Na yi magiya, maiɗakina ta yi, na kira babban ɗanta a waya shi ma ya yi. Ta saurare mu duka, sannan ta ce in rakata kasuwa ta sayi irin gyaɗa, don ba ta san abin da za ta tarar a rumbu ba. Na raka ta. Na saya mata maganinta na wata biyu, na roƙi maƙwabcinta da ya zo ɗaukarta ya riƙa leƙa ta. Da babur ya tashi ba ta waiwayo ba, ta riƙe ƙullin irin a cinyarta da hannu biyu.

Ɗakin ya yi mini girma bayan tafiyarta. Nakan shiga da safe in tarar ba a ba kifi abinci ba, sai in tuna aikin ya dawo kaina. Hankalina bai kwanta da zamanta a can ba, har yau ma bai gama kwanciya ba. In waya ta shiga mu gaisa, in ba ta shiga ba in bi masu zuwa kasuwa da tambaya. Ta tarar da rumbun babu komai, awaki kuma biyu kawai aka gano mata a wani ƙauye. Gyaɗar dai ta yi.

Yanzu takan zo ganin likita lokaci-lokaci, ta kwana biyu ta koma. Zuwanta na baya-bayan nan ta shigo da ƙullin gyaɗa da kwalbar man shanu, ko zama ba ta yi ba ta wuce gaban tankin. Ukun nan nata sun yi girma har ɗaya ya kai faɗin tafin hannu, miji da matar ma sun koma kwana a cikinsa. Ta daɗe tana dubawa, hannunta a bayanta. Maiɗakina ta kawo mata ruwa ta ce ta zauna ta huta tukuna.

“Bari,” in ji Inna. Ta nuna kusurwar gilashin ta ƙasa, inda hannuna ba ya kaiwa sosai. “Ɗan nan, nan wurin ya yi kore. Miƙo mini abin kankarewar.”